Mai Hannun Mai

Litinin, 1 ga Satumba

Babba ya yanke magana, kuma ɗan nan nawa in ya yanke shi ke nan, ubansa sak. Ƙarshen wata mai zuwa za mu bar benen nan mu koma gidansa, ɗakin ƙasa, tunda Maigida ba ya iya hawa matakala yanzu. Wannan ban musa ba. Amma gado ɗaya da kujera biyu sun cinye ɗakin, kabad ɗin tsofaffin ambulan ɗin da Maigida ya tara ba shi da wurin tsayawa. Babba ya ce a kai su gidan gwanjo, gara su faɗa hannun waɗanda suka san darajarsu da laima ta cinye su a sito.

Ni ce fa nake cewa a fitar mini da tarkacen nan tun ina amarya. Ambulan ɗin mutanen da suka mutu tun ba a haifi kakata ba, fanko, ko wasiƙa babu a ciki, sai kan sarki da hatimin gidan waya, mutum ya zauna yana ƙura musu ido da gilashi har abinci ya huce. To yau ga shi an ce za a fitar, na buɗe baki in ce madalla, maganar ta ƙi fitowa.

Da na kai wa Maigida shayi ya karɓa da hannu biyu. "Sannu da aiki, baiwar Allah." Haka yake ce mini tun da ciwon mantuwar nan ya yi ƙarfi. Ladabi irin na baƙo a gidan mutane. Mutumin da a da kullum in ya sha shayina sai ya ce sukari ya yi yawa.

Laraba, 3 ga Satumba

Na cika masa sukari da gangan. Ya shanye, ya yi godiya.

Asabar, 6 ga Satumba

Mai gwanjo ya zo. Gajere, mai sanƙo, magana ƙasa-ƙasa kamar a ɗakin marar lafiya. Kafin ya taɓa komai sai da ya nemi wurin wanke hannu, sannan ya zaro hantsaki daga aljihun gaba, irin na Maigida, mai faɗin baki. Da na ji ƙarar nan, ƙyas, da ya aje shi a kan tebur, wallahi sai da na waiwayo. Na manta da cewa akwai wannan ƙarar a duniya.

Ya buɗe albam na farko, kundin da aka jera ambulan a ciki, yana juya shafi a hankali. Na biyu ma haka. A na uku ya cire tabarau ya goge. Auta tana tsaye a kansa da wayarta, ta ce ita da an yanke kan sarkin kawai an zuba a gwangwani ai da an huta, me za a yi da tsohuwar takarda. Bawan Allah ya kusa shiɗewa. Ya ce a'a, a'a, 'yata, ambulan ɗin gaba ɗaya ake so. Ya nuna mana yadda hatimi yake faɗawa rabi a kan kan sarki rabi a kan ambulan, ya ce su a sana'arsu suna cewa hatimi ya ɗaure su, shi ne shaidar tare suka yi tafiyar. In aka raba, kowanne ya tashi a banza.

Maigida ya sha gaya mini wannan. Ban taɓa tsayawa na ji ba, kullum akwai abu a kan wuta.

Sai ya iso kan Matafiyiya. Haka Maigida yake kiran wata shuɗiyar ambulan da ta koɗe, mai hatimi uku: na jirgin ruwa, na taragon wasiƙu na jirgin ƙasa, da na wani ƙaramin gidan waya da aka rufe tuntuni. Mai gwanjo ya ce, "Ashe a nan take." Kamar wanda ya ga 'yar'uwarsa da ta ɓata.

Shi kuwa mai kayan yana kujerarsa bakin taga yana kallon tantabarun makwabta, ko waiwayowa bai yi ba.

Lahadi, 7 ga Satumba

Ranar da ya sayo Matafiyiya ruwa aka yi kamar da bakin ƙwarya. Ya shigo sharkaf, takalmi a hannu, ita kuwa a bushe cikin leda a ƙarƙashin singileti. Ina soya albasa na fito, na miƙa hannu in ga abin da ya hana shi ɗauko Auta daga makaranta. Ya doke mini hannu. "Ke, Mai hannun mai! Hantsaki!"

Ba ranar ya fara ba. Tun satin farko na aurenmu ya laƙaba mini sunan, wai duk abin da na taɓa sai ya yi tabon mai. In yana fushi Mai hannun mai, in yana lallashi Mai hannun mai, har a asibiti ranar haihuwar Babba da shi ya kira ni a gaban nas. Na sha cewa ya daina, ina da sunan da ubana ya raɗa mini.

Rabon da in ji shi har na kasa tunawa. Abin da yake ci mini rai ke nan: ban san ranar ƙarshe ce ba, da na saurara da kyau.

Talata, 9 ga Satumba

Mutanen gidan gwanjo sun kwashe albam ɗin. Kwali-kwali suka sauka da su, Babba ya sa hannu a takarda. Kabad ya zama wayam, sai alamar inda albam suka zauna a jikin katako.

Laraba, 10 ga Satumba

Na ce ba zai lura ba. Babba ma haka ya ce, likita ma kusan haka. Da hantsi na fito daga wanka na tarar da shi tsaye gaban kabad, ya buɗe duka ƙofofin, yatsunsa biyu suna tsinkar iska. Na ce ya zo ya zauna. Ya juyo ya dube ni, da ladabin nan nasa.

"Baiwar Allah, don Allah ba ki ga matata ba? An yi mana sata."

Na ce ta je kasuwa, yanzu za ta dawo. Me zan ce? Na shiga kicin na buɗe famfo don kada ya ji.

Juma'a, 12 ga Satumba

Hantsakinsa da gilashin dubawa suna aljihun tebur, mai gwanjo bai ɗauka ba. Na sa masa hantsakin a hannu, ya riƙe shi daidai yadda ya saba, ɗan yatsan ƙarshe a ɗage. Na rasa abin da zan ba shi, na kawo ambulan ɗin takardar wuta. Ya ɗaga ta, ya juya, ya ga tambarin inji ne babu kan sarki, ya tura ta gefe yana yatsina fuska. To, ni ka manta ni, amma shara ba ka manta ta ba. Na yi dariya har da hawaye, ban san wanne ya fi yawa ba.

Litinin, 15 ga Satumba

Dogo ya zo. Abokinsa ne na gidan gwanjo tun suna samari, abokin faɗa kuma, don duk ambulan ɗin da ɗaya ya so sai ɗayan ya ɗaga hannu a kanta. Ya tsufa shi ma, da sanda ya hawo, yana haki. Ya zauna gaban Maigida ya ce, "Kai ɓarawon Matafiyiya, ba ka gane ni ba?" Maigida ya tambaye shi ko ya zo gyaran famfo ne.

Dogo ya jawo sandarsa. Da zai tafi ya tsaya bakin ƙofa ya ce, uwargida, kada ki ji a bakin wani, zan ɗaga hannu a kanta. Raina ya ɓaci, na ce ai dama jira kake yi. Ya ce shekara da shekaru yana jira, bai ɓoye ba, amma ba haka ya so ta zo ba.

Ban raka shi matakala ba. Daga baya na ji kunya.

Alhamis, 25 ga Satumba

Tattara kaya. Tukwane nawa mace ɗaya take buƙata? Auta tana ta jefa abubuwa a buhun kyauta, ina ta zarowa.

Laraba, 1 ga Oktoba

Littafin gwanjo ya iso, mai ƙyalli, Matafiyiya ce a bango. Sun rubuta "tarin wani dattijo", shi ke nan, rayuwar mutum kaf. Na aje masa a cinya. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗauki hantsaki yana ƙoƙarin ɗaga ta daga jikin bangon. Ya gwada ta wannan kusurwa, ya gwada ta waccan. Na karɓe littafin na ɓoye a ƙarƙashin katifa, ban iya kallo ba.

A ciki an ce ranar Alhamis ta sama za a baje kayan kowa ya zo ya duba kafin gwanjo. Zan kai shi. Babba ya ce, "Mama, wahala kawai za ki ba shi, ki ba kanki." Na ce wahalar tawa ce.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Bari in rubuta tun da zafinsa, kada in wayi gari in ce mafarki na yi.

Makwabcinmu da ɗansa suka sauko da shi a kujera, muka ɗauki tasi. Gidan gwanjon wani dogon ɗaki ne a bayan shagon littattafai, tebura an shimfiɗa musu koren ƙyalle, kowanne da fitila mai lanƙwasa wuya. Tsofaffi sun duƙufa, kowa da hantsakinsa da gilashinsa, ba ka jin komai sai tari da ƙarar leda. Wasu sun gane shi, suka taso gaisuwa, ya amsa musu kamar yadda yake amsa wa mai kawo ruwa.

Mai gwanjo ya zaunar da mu, ya kawo Matafiyiya da kansa, ya zare ta daga leda ya kwantar a kan ƙyallen ƙarƙashin fitila. Na zuba wa Maigida ido. Babu komai. Yana kallonta yadda yake kallon tantabaru. Na ce masa ga Matafiyiya, ya ce, "To, madalla." Na ce a raina Babba ya yi gaskiya, tashi mu tafi.

Ban san me ya kai hannuna ba. Ina jin so na yi in matsa masa ita kusa. Kuma na shafa mai kafin mu fito, hannuna har ƙyalli yake yi a fitilar. Yatsuna sun kusa sauka a kanta, na ji mai gwanjo ya ja numfashi, sai tas! a bayan hannuna.

"Ke, Mai hannun mai! Hantsaki! Sau nawa zan gaya miki?"

Da muryarsa. Ba ta baƙon nan ba, tasa, mai kaushin nan, har da harara ta saman tabarau. Tsofaffin nan duk suka ɗago kai. Na ce, "Yi haƙuri." Ya ce kullum yi haƙuri, kullum yi haƙuri, wa ya bar ki kika fito da hannu haka, kin kashe wutar kicin kuwa? Na ce na kashe. Ya karɓi hantsakin mai gwanjo ba tare da ya nema ba, ya ɗaga ta, ya karkata ta wajen fitila, ya ce mini matso ki gani, wannan na jirgin ruwa ne, dubi yadda ya ɗaure. Na matsa. Kafaɗata tana jikin tasa. Ban ga komai ba, idona ya cika, amma na ce na gani.

Har cikin tasi yana mita a kan hannuna. Muna kaiwa kwanar gidan mai ya yi shiru. Da muka tsaya ƙofar gida ya ce, "Na gode da rakiya, baiwar Allah."

Bayan hannuna har yanzu ja ne. Ban wanke ba.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Na kira mai gwanjo na ce a cire Matafiyiya, sauran duk su tafi. Ya yi ta ba ni haƙuri. An sa hannu, an buga littafi, mutane daga nesa sun riga sun aiko da tayinsu, in ya cire abin da ke bango ba wanda zai sake yarda da gidansa. Na ce to ni zan saya. Ya ce, "Mama, ba zan hana ki ba, amma na san inda za ta kai."

Babba ya ce dacewa ce kawai, likita ya ce irin haka yana faruwa, ya zo ya wuce. Na ce kai ba ka nan. Ya ce, "Mama, ambulan ba za ta dawo da Baba ba." Na kashe wayar a kunnensa, abin da ban taɓa yi ba.

Ba wai ta dawo da shi nake nema ba. In ma sau ɗaya a wata ne ya daka mini tsawa, ya ishe ni.

Asabar, 11 ga Oktoba

Gwanjo. Auta ta zauna da shi, na tafi ni kaɗai. Aka ba ni kati mai lamba, na zauna baya. Albam ɗinsa suna ta wucewa kashi-kashi, mai gwanjo yana buga 'yar gudumarsa, mutumin da yake magana ƙasa-ƙasa a gidana ashe murya gare shi.

Da aka zo kan Matafiyiya na ɗaga katina tun kafin ya gama magana. Sau ɗaya ke nan. Kafin in sauke hannu kuɗin ya wuce inda ko a mafarki ba zan kai ba. Aka bar Dogo da wata mata mai riƙe da waya a kunne, tana yi wa wani da ke can wata ƙasa tayi. Dogo ya ɗaga, ta ɗaga. Ya ɗaga, ta ɗaga. Ina ganin ƙeyarsa tana zufa. Ni da na yi fushi da shi, sai ga ni ina cewa ɗaga, Dogo, ɗaga mana. Daga ƙarshe ya kifa katinsa a cinya. Guduma ta sauka.

A waje ya same ni. Ya ce, "Da na samu, gidanku za ta kwana, uwargida. Ina wurin, na ga abin da ya faru ranar Alhamis." Na riƙe masa sanda ya ɗaure igiyar takalmi.

Ya koma ciki ya fito da kwalin takalmi cike da tsofaffin ambulan, irin waɗanda ake haɗawa a sayar a dunƙule a ƙarshen gwanjo, ba mai so. Ya ce ba wata tsiya a ciki, amma na gaske ne, kan sarki da hatimi. Ki gwada.

Litinin, 13 ga Oktoba

Na gwada. Na shafa mai har gwiwar hannu, na baje su a gabansa, na ɗauka da yatsu, na juya, har na lanƙwasa kusurwar ɗaya. Ya ce, "Sannu da aiki."

Alhamis, 16 ga Oktoba

Babu.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Babu. Matafiyiya tana can cikin jirgi yanzu ko a aljihun teburin wani da bai san ana soya albasa ranar da ta shigo gidan nan ba. Allah ya sa yana wanke hannu.

Asabar, 25 ga Oktoba

Mun koma gidan Babba. Ɗakin ba laifi, taga tana kallon bishiyar lemo, babu tantabaru. Matar Babba tana ƙoƙari, ba ta bari in taɓa komai a kicin, hannuna har ya fara bushewa. Kwalin Dogo yana ƙarƙashin gado. Na daina baje masa su, raina ba ya iya ɗauka.

Babba ya shigo ya zauna bakin gado ya ce in yafe masa. Na ce ba abin da ya yi. Kusan gaskiya ne.

Laraba, 29 ga Oktoba

In Maigida ya yi barcin rana ba ni da abin yi, shi ya sa. Na jawo kwalin don in share ƙura. Akwai wata 'yar ƙarama ruwan ƙasa, an rubuta adireshin da alƙalami mai tsiyaya, an soke, an sake rubuta wani, an sake sokewa. Hatimi huɗu a bayanta. Wannan ta sha yawo kafin ta sami mai ita, in ma ta same shi. Da gilashi ana ganin kwanan watan, wanda ya buga ya juya lamba ɗaya ƙasa a sama, wataƙila sauri yake yi ya tafi gida.

Na ware masu ɗauri mai kyau gefe guda. Don dai kwalin ya rufu sosai.

Lahadi, 2 ga Nuwamba

Auta ta zo da rana, ta tarar na baje su a kan tire, shi yana kujerarsa yana kallon lemo. Ta shigo tana cin gyaɗa soyayya, ta ce, kai Mama, har yanzu tarkacen nan, ta miƙo hannu kan 'yar ruwan ƙasan.

Tas!

"Ke! Hantsaki!"

Ta ja hannu tana kallona baki buɗe. Ni ma na tsaya, don ban san daga bakina zai fito ba. Sai na ga hantsakin a hannuna yake, ɗan yatsana na ƙarshe a ɗage. Tun yaushe, oho.

Daga bakin taga muka ji dariya, ƙasa-ƙasa, irin wadda yake yi in ya kayar da Dogo a gwanjo. Bai juyo ba ma. Ya ce, "Yau Mai hannun mai ce take koya wa mutane."

Auta ta fashe da kuka ta fita. Ni ban motsa ba, na ce ko zai ƙara. Bai ƙara ba. Da la'asar na kai masa shayi, baiwar Allah ce ta kai, ya yi mata godiya.

Ba wai na fara son abin nan ba ne. Na dai aika wa Dogo ya zo ranar Laraba ya duba mini lambar nan da ta juya, kuma in zai zo ya taho da leda, irin wadda ake sa su ciki. Laima tana da yawa a ɗakin nan.